Ƙamshin Gida a Kogin Nagisawa

Akwai wani mutum a nan garinmu na Nagisawa, sunansa Norio Hatakeyama. Yana nan da ransa, kansa ya yi fari fat. Shi da bakinsa ya ce in rubuta muku labarinsa a shafin nan, ya kuma ce kada in rage masa komai. To, 'ya'yana, ba zan rage ba.

Norio ɗa ne ga tsoho Tokuzo, wanda ya shekara arba'in yana kula da gidan ƙyanƙyasar kifin salmon da ke bakin koginmu. Tokuzo mutum ne mai nauyin baki. Kafin ya kai ƙarshen magana ɗaya shayinka ya huce. Matarsa Harue ce mai baki, ita ke yi musu magana su biyu.

Shi kuwa Norio tun yana shekara goma sha takwas ya bar gari ya tafi Sendai. Ya samu aiki a wani kamfanin jigilar kaya, ya yi ta hawa har ya zama shi ke tsara wa manyan motoci hanya. Shekara talatin da biyar aikinsa ke nan: ya duba taswira, ya ga inda hanya ta yi tsawo, ya gajarta ta. Kuma ya iya. Wannan kam ba mai hana shi.

Sai shekarar da teku ya hau gari da wata ƙatuwar igiyar ruwa.

Ran nan Harue tana gidan ƙyanƙyasa tana ba 'ya'yan kifi abinci. Ruwa ya tafi da ginin, da tankunan, da ita. Har yau ba a ga gawarta ba.

Shi kifin nan, a kogi ake haihuwarsa. Yana kamar ɗan yatsa yake gangarawa teku, ya yi yawonsa can nesa, a kaka ta huɗu ya dawo daidai kogin da ya fito, ya zuba ƙwai, ya mutu. Kaka biyu bayan igiyar, waɗanda ke teku suka dawo suka tarar da kogin cike da laka da ɓaraguzan gidaje da gawar motoci. A lakar suka zuba ƙwai, ƙwan ya ruɓe.

Kowa a gari ya ƙirga da yatsunsa. Saura zubi ɗaya a teku, waɗanda aka saka shekara guda kafin igiyar. In suka dawo suka mutu a banza, kifin Nagisawa ya ƙare har abada.

Shi ya sa muka fito aikin gayya. Tsofaffin masunta, matan da suka rasa mazajensu, mai shagon tofu, wato awara, har malamin makaranta da ya yi ritaya. Da hannu aka kwashe shara, aka zuba sabuwar tsakuwa, aka dasa itatuwa a gaɓa, aka kafa wata 'yar rumfar katako da tankuna shida. Norio ya ajiye aikinsa ya dawo gida, aka ba shi shugabancin ƙungiya. Kullum shi ne na farkon zuwa, shi ne na ƙarshen tafiya. Yana son uwarsa, kuma a nasa ganin abin da zai yi mata ke nan.

Da kaka ta zo, kifi mata arba'in aka kama a shingen da ake tare su a kogi, da maza kusan haka. Aka tatsi ƙwai sama da dubu ɗari.

Duk hunturun nan Inna Shigeno ce a kansu. Ƙawar marigayiya Harue ce, ta kusa tamanin, bakinta kamar reza. Tana zaune cikin sanyi da gashin tsuntsu a hannu, tana tsince ƙwan da ya mutu ya yi fari, ɗaya bayan ɗaya, don kada ya ɓata na kusa da shi. Aka ƙyanƙyashe lafiya. Tankuna suka cika da 'yan baƙaƙen abubuwa masu wutsil-wutsil a cikin ruwan burtsatse mai haske kamar gilashi.

Da ƙanƙara ta fara narkewa, lokacin saki ya matso, sai Tokuzo ya zo da shebur zai buɗe wata tsohuwar magudana da ke kawo ruwan kogi cikin tankuna.

Norio ya tare shi a ƙofa. "Baba, me za ka yi?"

"Ruwan kogi."

"Wannan ruwan mai jan laka? A cikin tankunana?"

"Wata guda... su sha. Sannan a ɗauke su a bokiti zuwa Gwiwa."

Gwiwa wata lanƙwasa ce can saman kogi, ƙarƙashin itatuwa. Daga nan zuwa teku tafiya ce mai nisa, kuma zalɓe na tsaye a kowane dutse yana jira.

Norio ya ce a bari sai an yi taro.

Ranar Lahadi da hantsi aka cika zauren gari. Norio ya zo da manyan takardu ya manna a bango. Ya ce ya zauna ya lissafa: cikin kowane goma da aka saka a Gwiwa, tsuntsaye na cinye huɗu kafin su ga teku. Ya ce ruwan kogin bai gama tsarkaka ba, cuta ɗaya ta shiga tanki an gama. Ya ce ya samo aron motar tanki, ya yi magana da mai jirgi. A bar kifin a ruwan burtsatse har ranar ƙarshe, a kwashe su a mota zuwa tashar jiragen ruwa, a shiga da su can cikin teku inda ba zalɓe, a juye. Tafiyar kwanaki ta zama ta awa biyu.

Mutane suka yi ta gyaɗa kai. Sai Tokuzo ya miƙe a hankali, hularsa a hannu.

"Ba su... ba su shaƙi ƙamshin gida ba."

Norio ya juyo. "Baba, tsaya in gane. Ƙamshi?"

"Ƙamshi."

"Kifi muke kiwo ko karnukan farauta?"

Zaure ya fashe da dariya. Kunnuwan tsohon suka yi ja, amma bai zauna ba.

"Ruwan burtsatse ba shi da gari," in ji shi. "Ko'ina iri ɗaya ne. Na kogi kuwa... akwai ganye a ciki. Akwai dutsenmu. In ba su sha ba, in ba su bi hanyar da kansu ba..."

"Sai me?"

"Ba su san inda za su dawo ba."

"A wace takarda ka karanta wannan?"

"Ubana ya faɗa min."

"To. Shi ma ubansa ya faɗa masa, shi ma zalɓe ya faɗa masa, don ya samu abin karin kumallo."

Aka sake dariya. Inna Shigeno ta buga sandarta a ƙasa.

"Kai Nori, rage murya. Ni na wanke maka kashi a kogin nan, kana tsala ihu kamar an yanka ka. Yau kai ne mai takarda a bango?"

"Inna, da girmanki. Amma wannan ne zubi na ƙarshe. Ba zan ciyar da shi ga tsuntsaye don wani ya ji daɗin tuna zamaninsa ba."

Aka ce a ɗaga hannu. Kusan kowa ya bi Norio. Ni ma da nake ba ku labarin nan na ɗaga, ba zan ɓoye muku ba. Tsoro ya cika mu, shi kuma yana da lambobi, tsohon ba shi da komai sai hula.

A gaban jama'a Norio ya miƙa hannu. "Baba, makullin rumfa. Kar in wayi gari in ga ka buɗe magudanar."

Tsohon ya daɗe yana laluben aljihu. Ya ciro makullin, da ɗan zaren ja da Harue ta ɗaura wa na tsohon gidan ƙyanƙyasa, wanda ya mayar a kan wannan. Ya ajiye a tafin ɗansa.

"Ka ba ni... ko tanki ɗaya."

Norio ya yi ajiyar zuciya irin ta wanda yaro ya dama. "Akwai na ƙarshe can lungu. Waɗanda suka makara wajen ƙyanƙyasa, 'yan ramammun nan. Ba su wuce dubu uku ba, da ma ba na jin za su jure mota. Ɗauki ka kai su su shinshina."

Tokuzo ya rusuna ya yi wa ɗansa godiya. Allah sarki. Wannan rusunawar, Norio ya ce har yau ita ke ci masa rai.

Aka fito masa da tankin waje, bayan rumfa. Wata guda cur tsohon yana ɗebo ruwan kogi a bokiti biyu da sanda a kafaɗa, yana zubawa kaɗan-kaɗan. Sannan shi da Inna Shigeno suka zauna da ɗan almakashin yankan farce. Akwai wani ɗan fiffike mai laushi a bayan kifin nan, kusa da wutsiya, ba ya iyo da shi, in an yanke kuma ba ya sake tsirowa. Kwana tara suna yi wa kifi dubu uku wannan alama, ɗaya-ɗaya, yatsunsu sun ƙage don sanyi.

Norio ya leƙo ya gan su. "A'a, har aski ake musu? Sai ku ɗaura musu ɗankwali."

Inna Shigeno ko ɗago kai ba ta yi ba. "Wuce ka ba mu haske, shugaba. Inuwarka ta cika girma."

Ranar saki, motar tanki ta ɗauki dubu ɗari ta nufi tasha, Norio a gaba kusa da direba. A kan gada suka haɗu da tsohon yana haurawa Gwiwa da bokitansa, yana taku kamar mai ɗauke da jariri. Sawu na huɗu ke nan. Direba ya ce, "Mu rage masa hanya?" Norio ya duba agogo ya ce jirgi na jira.

Ta madubi ya hango ubansa ya sauke bokitan, ya juyo ya fuskanci motar, ya rusuna, bakinsa na motsi. Norio ya san abin da yake faɗa. A nan duk wanda zai fita daga gida, na ciki kan ce masa, "Je ka ka dawo." In ya dawo a ce, "Sannu da dawowa." Tokuzo shekara arba'in yana faɗa wa kifi haka. Shi ma Norio abin da aka faɗa masa ke nan a tashar jirgin ƙasa yana ɗan shekara goma sha takwas.

Aka juye kifin a teku, ko ɗaya tsuntsu bai taɓa ba. Aka dawo ana tafi.

Daga nan sai jira. Kaka uku shingen kogi ba ko kifi ɗaya, da ma an san haka za a yi. Aka ci gaba da gyaran gaɓa. Itatuwan da aka dasa suka wuce tsawon mutum, ruwa ya yi haske har kana ganin tsakuwa. Uba da ɗa suna gida ɗaya, suna cin shinkafa a teburi ɗaya, maganar duniya suna yi, ban da ta kifi. Makullin na aljihun Norio. Sau da yawa ya yi niyyar mayarwa, sai ya ce bari dai kifin su dawo tukuna, a yi dariyar abin tare.

A hunturu na uku ciwon ƙirji ya kwantar da Tokuzo. Wata rana da la'asar, rana na shigowa ta taga, ya kira ɗansa.

"Tsakuwar Gwiwa... ka riƙa juya ta. Kar laka ta hau."

"Ana juyawa, Baba. Ka kwantar da hankalinka. Kaka mai zuwa kifi dubu ne a kogin nan, sai mun rasa inda za mu sa su."

"In sun zo... ka duba bayansu."

Norio ya yi murmushi ya gyara masa bargo.

Tsohon ya lumshe ido har Norio ya ɗauka barci ya yi. Sai ya ce, "Uwarka ma tana cikin tekun nan. Ran nan da za ta fita ta ce min ta tafi. Ina gyaran raga... ban amsa ba. Shi ya sa nake so ruwan ya zauna da ƙamshinsa. Ko za ta gane hanya."

Norio ya ɗauka ruɗin zazzaɓi ne. Ya ce, "To, Baba." Kwana shida bayan nan aka ƙona gawar tsohon bisa al'adarmu, ƙanƙara na zuba.

Kaka ta huɗu ta zo. Aka kafa shinge tun da wuri. Aka ɗinka tutoci, aka aro manyan tukwane don romon kifi da miso, daddawar waken suya ta nan, aka ce duk wanda ya bar gari ya zo biki.

Mako ɗaya. Mako uku. Ganyen itatuwan kan dutse ya yi ja, ya zube.

Kullum da sassafe Norio na bakin shinge cikin dogayen takalman roba. Ruwa na wucewa tsaf, ba ko motsi. Da farko ya ce ruwan teku ne bai yi sanyi ba. Daga baya ya ce sun makara ne. Sai labari ya zo cewa kogunan maƙwabta, arewa da kudu, duk kifinsu sun shigo. Masunta suka ce suna ganin wasu a can waje, suna ta gewaye a sararin teku har jikinsu ya yi baƙi, ba su nufi ko'ina ba. Ba wanda zai iya rantsewa namu ne. Ba wanda kuma ya yi shakka.

Aka mayar da tukwane. Mai shagon tofu ya sauke tutoci da kansa. Ba wanda ya zagi Norio, don duk mun ɗaga hannu. Mutane dai suka daina kallon idonsa, shi ma ya daina kallon nasu.

Inna Shigeno kaɗai ke zuwa, a kan keken guragu yanzu, surukarta na tura ta har bakin ruwa.

"Inna, ki daina wahalar da kanki," in ji Norio wata safiya. "Ba abin da zai zo. Na kashe kogin nan."

"Ka kashe dubu ɗari," in ji ta. "Kar ka cika baki, ba kai ka saki duka ba. Nawa na makara ne, tun a ƙwai haka suke."

Kwana huɗu bayan wannan, a ƙarshen Nuwamba, an tashi da raɓa ta daskare a ciyawa. Norio na tsaye sai ya ji fantsamar ruwa a ƙasan shinge. Ya ga baya mai duhu ya yanka ruwa. Sai wani. Sai wani.

Ya faɗa ruwan har ƙugu, ko raga bai ɗauka ba. Ya rungumo ɗaya, mace ce, cikinta fam da ƙwai, jikinta duk tabo da ƙujewar dutse. Tana ta bugun ƙirjinsa da wutsiya. Ya shafa bayanta da babban yatsa.

Wurin ɗan fiffiken nan sumul yake.

Ya sake ta a cikin keji ya kama na biyu. Sumul. Na uku, sumul. A gefen na ukun yankan ya ɗan karkace, irin na hannun da ke rawa.

"Wannan na ubanka ne," in ji Inna Shigeno daga gaɓa. "Nawa a miƙe suke. Shi kullum sai ya karkace."

Norio ya tsaya cikin ruwan sanyi da kifi a ƙirji, mutum mai shekara kusan sittin, yana kuka da murya kamar ranar da aka wanke shi a kogin.

Ta bar shi ya yi mai isarsa. Sannan ta ce, "To, faɗa musu mana. Sun yi tafiyar shekara huɗu. Mai faɗa musu ba ya nan, sai kai."

 Norio ya sunkuyar da kai har goshinsa ya kusa taɓa ruwa.

"Sannunku da dawowa."

Ashirin da uku ne suka shigo a shekarar, tara mata. Duk da yankakken fiffike. Cikin dubu ɗarin da aka gajarta wa hanya, ko ɗaya ba a gani ba.

Daga matan nan tara kifin Nagisawa ya rayu. Har yanzu ba su da yawa, wata shekarar ma sai mu riƙa ƙirga su da suna. Wataƙila jikokinmu su ga kogin ya cika, mu kam ba za mu gani ba.

A ranar da rana tsaka Norio ya koma gida da jiƙaƙƙun kaya. Ya durƙusa gaban ɗan akwatin da hoton iyayensa yake, ya kunna turare, ya ciro makullin mai jan zare ya ajiye gaban hoton tsohon.

"Baba, na duba bayansu," in ji shi. "Ku yi haƙuri."

Hoto ba ya amsawa, 'ya'yana. Wannan shi ne abin.

In kun zo Nagisawa lokacin narkewar ƙanƙara, za ku ga wani mai furfura yana haurawa Gwiwa da bokiti biyu da sanda a kafaɗa. Sandar ta ubansa ce, har ta lotsa a inda kafaɗar tsohon ta ci ta. Masu mota kan tsaya su ce ya shigo a rage masa hanya. Yakan rusuna ya ce a'a, su je, wannan hanyar ba a rage ta.

Darasi: Tsohon da ya kasa yi maka bayani ba shi ne bai sani ba. Wani ilimin a hannu yake da kafaɗa, ba ya hawa takarda, kuma iya magana ba ya mayar da kuskure daidai. Kafin ka yi wa iyayenka dariya a gaban mutane, ka zauna ka tambaye su dalili, ka jira har su gama. In kuma ka riga ka ɓata musu, ka ba su haƙuri yau, tun suna iya amsawa, kar ka jira sai ka tabbatar wa ya fi gaskiya. Ku tura wannan ga duk wanda iyayensa ke raye, musamman wanda yake ganin ya fi su sani.